Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarihin Haƙar Zinariya da Matsalar Tace Ta a Ƙasar Zamfara da Kewaye

Gabatarwa

Na yi shekara 35 ina koyarwa a makarantun firamare da na sakandare, kuma mafi yawan waɗannan shekaru tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. Na sha tsayawa gaban allo ina gaya wa yara cewa Allah ya albarkaci ƙasarmu da ma'adinai, in lissafa musu kuza a Jos, da kwal a Inugu, da zinariya a Maru da Anka da Birnin Gwari da Yawuri. Abin da ban taɓa koya musu ba, domin ni ma a lokacin ban san shi ba, shi ne nisan da ke tsakanin zinariyar da ke cikin dutse da wadda ke kunnen amarya. Ban san wannan nisa ba sai da na zuba giratutina a cikin wani ƙaramin kamfanin haƙar zinariya.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin zinariya a wannan yanki namu tun kafin zuwan Turawa, a kuma nuna cewa a kowane zamani ba wajen haƙa ake samun cikas ba, wajen raba zinariyar da dutse da tace ta ne. Na sa labarin kaina a ciki domin 'yan uwana malamai da iyayenmu dattawa su ga yadda abin yake idan ya zo kan mutum.

Zinariya Kafin Zuwan Turawa

Hausawa sun daɗe da sanin zinariya a matsayin hajar fatauci. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Ta wannan hanya ce fatake suka riƙa kawo goro da garin zinariya daga ƙasashen Gwanja da Asante, waɗanda a yau suke cikin Ghana. Ma'aunin da ake awon ta da shi kuwa shi ne miskali, wanda ya ɗara giram 4 da kaɗan, kuma shi ne malamai suke ambata idan suna bayanin nisabin zakka, wato miskali 20.

Yawancin zinariyar wancan zamani ta bakin rafi ce, wadda ruwa ya riga ya yi wahalar ɓantaro ta daga jikin dutse. Ita zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Saboda haka idan mutum ya ɗebi yashi a ƙwarya ya yi ta kaɗawa da ruwa, yashin zai fita, ita kuma ta kwanta a gindin ƙwaryar. Daga nan sai maƙerin fari ya narka ta, ya ƙera abin da za a ƙera.

Bugu da ƙari, kakanninmu sun iya narkar da ma'adini. Maƙeran baƙi suna dafa tama su fitar da ƙarfe. Mutanen Liruwen Kano, wato Ririwai ta yanzu, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, suna narkar da kuza su zuba ta siri-siri kamar karan ciyawa, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni masu nisa. Abin lura a nan shi ne mai haƙa da mai narkarwa 'yan gari ɗaya ne, wani lokaci ma 'yan gida ɗaya, don haka ribar ba ta barin garin.

Zamanin Turawa da Ƙananan Kamfanoni

A shekarar 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja, amma ta amince za ta riƙa ba kamfanin rabin kuɗin fiton ma'adinan da za a haƙa a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Tsakanin 1904 da 1909 aka aiko masana suka zaga Arewa suna binciken ma'adinai. Da labarin kuzar Jos ya isa Landan, sai aka shiga rububin kafa ƙananan kamfanoni, musamman daga 1910 zuwa 1912. Mutanen da ba su taɓa ganin Nijeriya ba suka yi ta sayen hannun jari, da yawa daga cikin kamfanonin kuwa ba su yi ƙarko ba. Waɗanda suka tsaya, ɗanyar kuza suke ɗurawa a buhu a kai Ingila a narkar. Ba a daɗe ba sana'ar mutanen Liruwe ta mutu, kuma ba a sami masana'antar narkar da kuza a Jos ba sai a farkon shekarun 1960, da aka kafa ta Makeri.

Ita kuwa zinariya, an fara rubuta lissafin haƙar ta a Nijeriya a wajajen 1913. Kasuwarta ta buɗe sosai bayan 1931, shekarar da Ingila ta daina jingina fam ɗinta a kan zinariya, sa'an nan a 1934 Amurka ta ɗaga farashin oza ɗaya daga dala 20.67 zuwa dala 35. Wannan ya sa ƙananan kamfanoni da ɗaiɗaikun Turawa suka bazu a lardunan Neja da Zariya da Sakkwato. Suka kafa sansani a wajajen Minna da Birnin Gwari da Bin Yawuri da Malele da Maru, mutanenmu suna yi musu leburanci. Yawancin aikin wanke yashi ne da fasa dutsen da ke kusa da doron ƙasa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, hankalin gwamnati ya koma kan kuza, har aka yi aikin tilas a filayen Jos daga 1942. Aka watsar da ramukan zinariya, kuma bayan yaƙin ba su farfaɗo ba. A ganina yaƙin ba shi kaɗai ne dalili ba. Zinariya mai sauƙi ta yi ƙasa, wadda ta rage tana cikin dutse mai zurfi, fitar da ita kuma yana buƙatar jarin da ƙaramin kamfani ba shi da shi. Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Ƙasa a 1972, amma a lokacin kuɗin man fetur ya riga ya ɗauke hankalin kowa. Haka tsofaffin ramukan suka zauna, ciyawa ta rufe su, har farashin zinariya ya sake tashi a shekarun 2000.

Yadda Na Shiga Ciki

A 2001 oza ɗaya, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, ba ta kai dala 300 ba. A watan Maris na 2008 sai ga ta ta haura dala 1,000. A wannan shekara ce na ajiye aiki. Wata rana bayan la'asar ina zaune a zaure sai ga wani tsohon ɗalibina, yaro mai hankali wanda na koyar a aji uku na sakandare. Bayan mun gaisa ya kwance wani ƙyalle, ya ajiye farin dutse a gabana, ga ɗigo-ɗigon zinariya a jikinsa ana gani da ido.

Ya ce, "Malam, wannan daga dajinmu ne. Mun yi wa kamfani rajista, mun kai dutsen ɗakin gwaje-gwaje, ga takardar. Abin da ya rage mana injin niƙa da na janye ruwa."

Na ce, "To, ɗana, idan an niƙa, wa zai raba ta da dutsen?"

Ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, Malam. Zaiba ce kawai."

Ban ƙara tambaya ba. Ba yaudarata ya yi ba, domin shi ma gonar gadonsa ya sayar ya zuba. Mu 12 muka haɗa jari, akwai malamai 4, da ma'aikacin asibiti, da 'yan kasuwa. Ni na ba da Naira 400,000, fiye da rabin abin da aka biya ni.

Watannin farko abin ya yi kyau. Dutsen sama ja ne, ruwa da iska sun riga sun cinye shi shekara da shekaru, zinariyar da ke cikinsa a sake take. Ana niƙa shi ya zama gari, a wanke, a zuba zaiba a cikin abin da ya kwanta. Ita zaiba tana kama zinariya su dunƙule, sai a matse a ƙyalle, a ƙona dunƙulen a wuta, zaibar ta tashi ta bi iska, zinariyar ta rage. Sau biyu aka raba mana riba, har na gyara rufin ɗakin uwargida.

Ranar da Dutse Ya Sauya Launi

Da ramin ya yi zurfi ya wuce inda ake tarar da ruwa, sai dutsen ya sauya. Ja ya ƙare, aka shiga wani mai ruwan toka, cike da ƙwayoyi masu ƙyalli ruwan ɗorawa. Leburori suka yi ta murna, suna cewa an iso uwar zinariya. Amma da aka niƙa aka sa zaiba, abin da ya fito bai kai sulusin na da ba. Aka fara zargin juna. Aka sallami mai kula da inji bisa zaton sata, alhali bai ɗauki komai ba, kuma har yau ina jin nauyin wannan a zuciyata, domin ina cikin waɗanda suka sa baki.

Daga baya muka sake kai dutsen ɗakin gwaje-gwaje. Jami'in da ya duba ya ce zinariya tana nan, ba ta ragu ba. Ƙwayoyin nan masu ƙyalli ba zinariya ba ne, ƙarfe ne ya haɗu da farar wuta, zinariyar kuma tana kulle a cikinsu, ta yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, zaiba kuma ba ta isa gare ta. Kafin a fitar da ita sai an niƙa dutsen ya yi laushi kamar kwalli, wani lokaci a gasa shi a babban tanderu, sa'an nan a jiƙa shi a ruwan wani sinadari mai guba da ake kira sayanaid, a cikin tankuna, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Da ya faɗi abin da kayan za su ci, sai muka ga ya ninka duk jarinmu sau da yawa. Takardar farko ba ƙarya ta yi ba. Ta faɗi yawan zinariyar da ke cikin dutse, amma ba ta faɗi yawan wadda za mu iya fitarwa ba, mu kuma ba mu san tambayoyi biyu ne ba.

Wata matsalar kuma tana jiranmu a kasuwa. Abin da ke fitowa daga wuta ba tsantsar zinariya ba ce, akwai azurfa da tagulla da sauran zaiba a ciki. Dillali zai goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan asid, ya dubi launin, ya ce karat kaza ce. Tsantsa karat 24 ce, mai karat 18 kuwa kashi 75 cikin 100 ce kawai zinariya. Abin da ya faɗa shi ke nan, domin ba mu da hanyar musa masa. Tsibin garin dutsen da muka gama wankewa kuwa, wasu baƙi suka zo suna saye mota-mota da araha, muna ganin sun rage mana shara. Ashe mafi yawan zinariyar tana cikinsa, su kuma suna da tankunan da ba mu da su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba Mu Ne Farau Ba

Hasara ce ta mayar da ni ga littattafai, a nan na tarar cewa abin da ya same mu ya sami waɗanda suka fi mu ƙarfi. A 1886 aka gano zinariya a inda birnin Johannasbag yake a yau, a Afirka ta Kudu. Kamfanoni suka yi ta ɓullowa, suna amfani da zaiba kamar yadda muka yi. Wajajen 1889 ramukansu suka isa irin dutsen nan mai farar wuta, zaiba ta gaza, darajar hannayen jari ta faɗi, mutane da yawa suka bar garin. Abin da ya cece su shi ne dabarar sayanaid, wadda wani masani mai suna MacArthur da wasu likitoci biyu 'yan uwan juna masu suna Forrest suka yi wa rajista a 1887 a ƙasar Sukotlan. An kai ta can a 1890, ta ba su damar fitar da fiye da kashi 90 cikin 100 na zinariyar. Duk da haka sai da suka ci gaba da aika ta Landan ana tacewa, har suka kafa matatarsu a 1920.

Daga wannan na fahimci aikin zinariya hawa uku ne. Na farko haƙa, wanda duk mai ƙarfi da diga zai iya. Na biyu raba ta da dutse, wanda ke buƙatar ilmi da jari. Na uku tacewa, wato raba ta da sauran ƙarafa, ko dai ta hanyar hura iskar kulorin a cikin narkakkiyar zinariya, dabarar da aka samo a 1867, ko ta wutar lantarki, wadda aka samo a 1874. Kasuwar Landan ba ta karɓar sandar da tsarkinta bai kai kashi 995 cikin 1,000 ba. Wahala da haɗari suna hawa na farko, riba kuwa tana ƙaruwa ne yayin da ake yin sama. Tun zamanin Turawa a hawa na farko aka bar mu.

Abin da Ya Fi Hasarar Kuɗi

A watan Maris na 2010 Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, ta lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka, kamar 'Yargalma da Dareta. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, dangin dutsen tozalin nan da mata ke sa wa a ido. Ana kawo shi cikin gida a niƙa, ko a daka a turmin da ake daka gero, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a yi nata aikin ba sai a 2013. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Raminmu ba a waɗannan ƙauyuka yake ba, amma al'adar ɗaya ce. Da kuɗi suka yi mana wuya, mun riƙa biyan leburori wani ɓangare na ladansu da buhun dutse, su kai gida iyalinsu su daka. Maigadinmu ya rasa 'yarsa mai shekara 2 bayan ta yi ta fama da suma da sanƙarewa, muka je ta'aziyya, kowa ya ce iska ce. Da aka gwada jinin yayyenta daga baya, aka sami dalma. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin sanin bai wanke mu ba, domin mu ne masu jari, mu ya kamata mu tambaya. Ita kanta zaibar da muke ƙonawa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da ita, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018.

A 2011, shekarar da oza ta haura dala 1,800, muka rufe kamfaninmu. Aka sayar da injuna, aka biya basussuka, na tashi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na jarina ba. Ɗalibin nan nawa ya zo ya durƙusa yana neman gafara. Na ce masa, "Tashi, ɗana. Kai ka zo da dutse, ni ne malamin da bai yi tambaya ba."

Abin da Ya Biyo Baya

A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, ba a ɗage hanin ba sai a watan Disamba na 2024. A ɗaya ɓangaren, daga 2018 an fara ba wasu kamfanoni lasisin kafa matatar zinariya a cikin ƙasa. A watan Yuli na 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5, wadda aka tara daga hannun ƙananan mahaƙa, Babban Bankin Nijeriya ya saya. Waɗannan matakai ne masu kyau, sai dai sun fi shafar hawa na uku. Hawa na biyu, inda kamfaninmu ya faɗi kuma inda yara suka mutu, shi ne ya fi buƙatar wuraren niƙa da wanki na haɗin gwiwa, nesa da gidaje, da ɗakin gwaji da mai haƙa zai iya zuwa ya san darajar abin da ke hannunsa.

Kammalawa

A 2025 oza ta haura dala 3,000. Duk lokacin da farashi ya tashi haka, samari za su zo zaurukanmu da dutse a ƙyalle, kuma mu 'yan fansho ake fara nema. Ba na cewa kada a zuba jari, domin sana'a ce ta halal idan an bi ƙa'ida. Amma kafin mutum ya ba da ko sisi, ya yi waɗannan tambayoyi. Na farko, wane irin lasisi kamfanin yake da shi? Tsarin mulkin 1999 ya damƙa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma a ƙarƙashin dokar 2007 lasisin bincike daban, na haƙa daban. Na biyu, daga ina aka ɗauko dutsen da aka gwada, daga sama ko daga zurfi, kuma wa ya zaɓe shi? Na uku, kashi nawa na zinariyar za a iya fitarwa da kayan da ake da su a hannu? Na huɗu, akwai dalma a cikin dutsen, kuma a ina za a niƙa shi? Na biyar, wa zai auna tsarkinta, wa zai saya? Idan babu amsa a rubuce, mutum ya riƙe kuɗinsa.

Ina kira ga 'yan uwana malamai, idan kun zo darasin ma'adinai kada ku tsaya a lissafa sunayen garuruwa kamar yadda na yi. Ku koya wa yara hawa ukun nan, ku ƙarfafa musu karatun kimiyya, domin daga cikinsu ne za a sami masu tacewa. Dattawan da iyayensu suka yi leburanci a sansanonin Turawa na shekarun 1930 kuma, ya kamata a same su a rubuta abin da suka ji tun suna raye. Magabata sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ni dai na hango Dalar, ta dutse da ta Amurka, ban kuwa shiga birnin ba. Allah ya sa na baya su shiga, ya kuma jiƙan yaran da suka rasu.